Daga Tunis zuwa Sfax a lokacin sanyi: su wa ke saura a gaɓar teku idan 'yan yawon buɗe ido sun tafi?

Tafiyar mota daga Tunis, babban birnin Tunisiya, zuwa Sfax ta kai kusan kilomita 270 a kan babbar hanyar A1, kuma direban da bai tsaya ba zai kammala ta cikin sa'o'i uku. Wanda ya sauka daga babbar hanyar ya bi gefen tekun Bahar Rum a watan Janairu kuwa, zai tarar da wata ƙasa daban da wadda ake tallatawa a Turai.

Zangon farko shi ne Hammamet. A watannin Yuli da Agusta, da ƙyar mutum ya samu masaka tsinke a bakin ruwa. Da sanyi ya shigo, otal-otal da yawa sukan rufe ko su rage ma'aikata, waɗanda suka ci gaba da aiki kuma su karya farashi domin tsofaffin Turawa masu gudun ɗarin ƙasashensu. Galibin masu dafa abinci da masu share ɗakuna na kan kwantiragin 'yan watanni ne, da dama kuma daga cikin ƙasa suka fito, daga yankuna irin su Kasserine da Sidi Bouzid. Idan kaka ta wuce sai su koma gida, inda aikin yi ya yi ƙaranci.

Wannan rarrabuwa tana da tushe a siyasa. Habib Bourguiba, shugaban ƙasar na farko, ɗan Monastir ne. Magajinsa Zine El Abidine Ben Ali kuma daga yankin Sousse ya fito, garuruwa biyu da matafiyi zai ratsa a jere. Shekaru sama da hamsin gwamnati na zuba hanyoyi da masana'antu da filayen jirgin sama a gaɓar teku, aka bar tsakiyar ƙasa a baya. A Sidi Bouzid ne Mohamed Bouazizi ya cinna wa kansa wuta ranar 17 ga Disamba 2010, a tsakiyar sanyi, kafin wata guda Ben Ali ya tsere.

Arzikin gaɓar ma ba mai tabbas ba ne. Ranar 26 ga Yuni 2015 wani ɗan bindiga ya kashe mutum 38 a wani otal kusa da Sousse, 30 daga cikinsu 'yan Birtaniya, kasuwar ta yi shekaru kafin ta farfaɗo.

Daga Mahdia zuwa kudu, otal-otal suna raguwa, itatuwan zaitun su mamaye ido. Nan sanyi shi ne lokacin aiki: ana tsinkar zaitun daga Nuwamba zuwa wajen Fabrairu, yawancin masu tsinkar mata ne da ake biya a kullum, ana jigilarsu cunkushe a bayan a-kori-kura.

A cikin waɗannan gonaki, a El Amra da Jebeniana da ke arewacin Sfax, dubban baƙin haure daga ƙasashen kudu da Sahara suka kafa bukkokin leda. Yadda suka isa can sananne ne. A Fabrairun 2023 Shugaba Kais Saied ya bayyana zuwansu a matsayin makircin sauya fasalin al'ummar ƙasar, abin da Tarayyar Afirka ta yi tir da shi. Aka shiga korarsu daga gidajen haya da wuraren aiki. A watan Yuli, bayan kisan wani ɗan Tunisiya a Sfax, aka kwashi ɗaruruwa zuwa hamadar iyakar Libiya. A watan ne kuma Tarayyar Turai ta sa hannu kan yarjejeniya da Tunisiya, wadda ta haɗa da Yuro miliyan 105 na daƙile ƙaura. Daga baya 'yan sanda suka fitar da su daga tsakiyar Sfax zuwa karkara, kuma a Afrilun 2025 jami'an tsaro suka fara rusa sansanonin.

Abin da ke riƙe su a wurin shi ne tsibirin Lampedusa na Italiya, wanda bai kai kilomita 200 daga Sfax ba. Ana ƙetarawa ne cikin kwale-kwalen ƙarfe da ake walda cikin gaggawa, masu arha da saurin nutsewa. Da sanyi teku yakan yi fushi, tafiye-tafiye su ragu, sai jira ya tsawaita, ga ruwan sama, ga masu gonaki na ƙorafin an hana su shiga zaitunsu a daidai lokacin girbi.