Yaron da Ya San Dalilin Saɓani Ba Ya Saurin Kafirta Kowa

A sahun sallar Magariba a Hotoro za ka ga wani ya ɗora hannuwa a ƙirji, na kusa da shi ya saki nasa. Ƙabalu da sadalu ke nan, mas'alar da ta sha raba masallatai a Kano. Ɗan Islamiyya na ganin haka kullum, amma in ya tambaya, sau da yawa sai malam ya ce masa namu ne daidai, ya haddace kawai.

Masana tarbiyya irin su Jean Piaget sun nuna cewa yaro da kansa yake gina fahimtarsa, yana ɗora sabon abu a kan wanda ya riga ya sani. In an bi wannan hanya, sai malam ya kasa aji gida biyu. Waɗannan ya ba su Muwaɗɗa ta Imamu Malik, inda hadisin ɗora dama a kan hagu ya zo. Waɗancan ya ba su Mudawwana, inda aka ruwaito daga Malik ɗin cewa ya karhanta hakan a farilla. Kowane ɓangare ya bayyana hujjarsa, daga nan a musanya, kowa ya kare ra'ayin da ya soka ɗazu. A nan ne yaro zai gano da kansa cewa duka biyun daga gidan malami ɗaya suka fito.

Kada wani ya ce wannan salon koyarwa baƙon abu ne daga Turai. Ibnu Rushd, wanda ya rasu a 1198, haka ya tsara Bidayatul Mujtahid: ya kawo mas'ala, ya faɗi musabbabin saɓanin malamai a kanta.

Hadda tana nan daram. Ba a muhawara a kan lafazin Fatiha, kuma malami ne mai jan ragama, don kada aji ya koma majalisar mai shayi. Amma haddar hukunci ba tare da dalili ba ita ke haifar da almajirin da ake zugawa cikin sauƙi, kuma Kano ta ga ƙarshen zuga a 'Yan Awaki a Disambar 1980, lokacin rikicin Maitatsine.

Gobe yaran nan za su nemi aiki a masana'antun Sharaɗa, Challawa da Bompai, kafaɗa da kafaɗa da ɗan ɗarika, ɗan Izala da Kirista. Malamai, ku ware ko da darasi ɗaya a mako don tambayar "me ya sa?".