Gojira: An Ji Ihun, An Bar Saƙon

Tun daren 26 ga Yulin 2024, da aka buɗe gasar Olamfik a birnin Faris, wani faifan bidiyo ke yawo a wayoyi. Makaɗa huɗu ne a jikin tsohon gidan yarin Conciergerie, wuta na tashi, ga siffofin mata cikin jajayen kaya a tagogi, kowacce riƙe da kanta a hannu. Nan take masu sharhin intanet suka yanke hukunci cewa bautar Shaiɗan ce. Waƙar ta ciyo wa makaɗan kyautar Grammy a Fabrairun 2025, amma tambarin da aka buga musu bai goge ba.

Tarihin Faransa aka nuna a daren. A ginin nan aka tsare Sarauniya Marie Antoinette kafin a fille mata kai a 1793, waƙar kuma ta 'yan juyin juya hali ce. Wanda ya ƙyamaci yadda aka nuna abin, haƙƙinsa ne. Sai dai ƙyama daban, ƙage daban.

Ƙungiyar ita ce Gojira, wadda wa da ƙane, Joe da Mario Duplantier, suka kafa a 1996 a garin Ondres na kudu maso yammacin Faransa, tare da Christian Andreu. Daga baya Jean-Michel Labadie ya shigo. Sun taso da kiɗan death metal: ganguna masu gudu, jita mai ƙara, murya mai gurnani. Kundinsu na farko, Terra Incognita, ya fito a 2001, The Link ya biyo baya a 2003. Magma na 2016 kuwa a cikin juyayin rasuwar mahaifiyar 'yan'uwan biyu aka haɗa shi, shi ya sa sautinsa ya yi laushi.

Abin da masu zargi suka tsallake shi ne maganar da ke cikin gurnanin. From Mars to Sirius na 2005, kundin da ya fito da sunansu a duniya, labarin duniyar da ta lalace ne da neman farfaɗo da ita. A The Way of All Flesh na 2008 akwai waƙar Toxic Garbage Island, kan tarin sharar roba da ke shawagi a tekun Fasifik tsakanin Hawayi da Kalifoniya. Wani bincike na 2018 ya ƙiyasta faɗin wurin da murabba'in kilomita miliyan 1.6, wato ya fi Nijeriya girma, ya fi Nijar. Sun daɗe kuma suna mara wa ƙungiyar Sea Shepherd baya a yaƙin da take yi da masu farautar manyan kifayen teku.

Ba su tsaya a fatar baki ba. Da suka saki Fortitude a 2021, sun haɗa waƙar Amazonia da gwanjon kayan kiɗa, aka tara fiye da dala 300,000 domin ƙungiyar APIB, mai kare haƙƙin ƙabilun asali na Burazil da ake cinye musu daji saboda kiwo, katako da haƙar zinare.

Babu wanda ya ce dole mu so wannan kiɗa. Kunnen da ya saba da kalangu da kuntigi da wuya ya jure minti biyar na Gojira. Amma abin kunya ne a ce masu ihu da jita sun tara kuɗin kare daji, mu da muke karanta cewa tsafta cikon addini ce magudananmu sun toshe da leda, buhunan gawayi kuma sun yi layi a bakin titi. Mai tura bidiyo ya bincika kafin ya jefi mutum da shaiɗanci, domin ƙage zunubi ne ko a kan wa aka yi shi. Hukumomin muhalli kuma su daina dashen itace na gaban kyamara. A dawo bayan damina a ƙirga mana nawa suka rayu.