Tsatsar da Ke Kare Ƙarfe

Duk mai bindigar farauta ya san tsatsa abokiyar gaba ce. Amma baƙin launin nan mai sheƙi, mai ɗan shuɗi-shuɗi, da ake gani a jikin tsofaffin bindigogin Ingila da Jamus, shi ma tsatsa ce, sai dai an hore ta.

Jar tsatsa ɓarɓashi take yi, tana cin ƙarfe tana nutsawa ciki. Idan aka dafa ta a tafasasshen ruwa tun tana sabuwa, sai ta rikiɗe ta koma baƙa, wadda masana ke kira maganetayit. Wannan kuwa manne wa ƙarfe take yi ƙam, ta riƙe mai a jikinta.

Da farko akan sauke harsashi, a warware bindigar, a toshe bututun don kada cikinsa ya ci tsatsa. Sai a kankare tsohon launi, a wanke maiƙo tas. A nan galibi aiki ke ɓaci: yatsa ɗaya ya taɓa ƙarfen, tabonsa zai fito bayan an gama, shi ya sa ba a raba hannu da safa. Daga nan a shafa ruwan sinadari mai asid, shafa ɗaya marar kauri, a rataye ƙarfen a wuri mai laima har ja ya rufe shi. A dafa a tataccen ruwa, domin gishirin ruwan rijiya kan bar dabbare-dabbare. Ƙarfen zai fito kamar ya sha hayaƙin fitila, sai a goge ƙurar da lallausan soson ƙarfe. A sake shafawa, a sake jira, a sake dafawa, wani lokaci har sau 10, kafin a jiƙa shi da mai. Iskar damina na gaggauta aikin, busasshiyar iskar hunturu kuwa tana iya hana tsatsar fitowa sam.

Masana'antu sun fi son hanyar gaggawa, wato tsoma ƙarfe a ruwan soda mai zafin kusan digiri 140. Amma sodar tana cinye dalmar da aka liƙe bututun bindiga mai baki biyu da ita, don haka maƙeran Landan da Bamingham ba su bar tsohuwar hanya ba. A ganina ita ce ta dace da gida, tunda tukunya da haƙuri take nema.

Sai dai a kula: tsofaffin haɗe-haɗe, irin waɗanda R. H. Angier ya tattara a littafinsa na 1936, wasunsu na ɗauke da gishirin zaiba, wanda guba ne. Dabarar ba ta kama alminiyam ko ƙarfen da ba ya tsatsa. A Najeriya kuma dokar bindigogi ta 1959 ta ɗaure mallaka da gyara da lasisi. Mai son koyo ya fara da wuƙa ko gatari, aikin ɗaya ne.