Kiwon Ramammen Doki

Kai mai gida, in kana da doki a turke, ko kana da niyyar saye, wannan magana taka ce. Ni ba likitan dabbobi ba ne. A ɗakin shan magani nake aiki, ina wanke gyambo, ina awon yara, ina ba da magani. Amma a Gyaɗi-Gyaɗi nake zaune, kuma kullum ina ratsa Tarauni, ina ganin dawaki ɗaure a ƙofar gidaje. Waɗansu sumul, waɗansu kuwa kana iya ƙirga haƙarƙarinsu tun daga nesa.

A da waɗannan unguwanni gonaki ne a bayan ganuwar Kano. Yanzu gine-gine sun cinye su, babu makiyaya. Dokin da ke nan ba ya cin kome sai abin da mai shi ya zuba masa. Haka kuma dokin ƙauye yake tun daga tsakiyar rani har faɗuwar ruwa. Saboda haka ƙibarsa da ramarsa duk a hannunka suke.

Wani maƙwabcina ya sayi ramammen doki da araha, saura wata guda Babbar Salla. Yana so ya fita hawa da shi. Tun ranar farko ya cika masa kwano da jiƙaƙƙiyar dawa, safe da yamma. A dare na huɗu muka ji doki yana birgima, gumi ya jiƙe shi sharkaf. Kafin gari ya waye ya mutu. Mutumin nan ba rowa ya yi ba, gaggawa ya yi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

FARA NEMAN DALILIN RAMAR

Kafin ka ƙara masa ko da tsinken ciyawa, bincika abin da ya ramar da shi. In ba ka yi haka ba, kamar mai ɗiban ruwa da kwando kake.

1. Haƙora. Haƙoran tauna na doki ba su daina fitowa, kuma gefensu yakan yi kaifi ya yanki kunci da harshe. Tsaya kusa da shi sa'ad da yake ci. In yana yar da dunƙulen ciyawa daga baki, ko ka ga ƙwayar hatsi ɗungum a kashinsa, to, ba ya tauna sosai. Likitan dabbobi yana da magagari na goge su.

2. Tsutsar ciki. Doki mai tsutsa yana ci, tsutsa na ci. Gashinsa yakan bushe, cikinsa ya yi tulu, wani lokaci ya riƙa goga gindin wutsiya a bango. Kanwa ba ta tsaya a madadin maganin tsutsa ba. Kai ɗan kashinsa asibitin dabbobi a duba, su ne za su auna masa magani daidai nauyinsa.

3. Kaska da cutar jini. Duba cikin kunnuwansa, da ƙarƙashin wutsiya, da tsakanin cinyoyi. Buɗe fatar idonsa. In ta yi fari fat, ko ta yi rawaya, ciwo ne, abinci kaɗai ba zai warkar da shi ba. Dokin da aka kawo daga ƙasar ƙudan tsando kuma yana iya zuwa da sammore.

4. Aiki da zama. Dokin haya da ake sukuwa da shi kullum a wurin biki, da wanda sirdi ya ji wa rauni a baya, da wanda babban ingarma ke kora daga wurin ci, duk ba za su yi ƙiba ba sai an raba su da abin da ke damunsu.

YADDA CIKIN DOKI YAKE

Doki babban dabba ne, amma tumbinsa ƙarami ne, lita 8 zuwa 15 kaɗai yake ɗauka. Ba ya tuƙa kamar saniya, ba ya kuma iya amai. Abin da ya shiga ya shiga ke nan. Allah ya halicce shi domin ya riƙa tsinkar ciyawa kaɗan-kaɗan yawancin yini da dare. In aka zuba masa hatsi mai yawa gaba ɗaya, sai ya wuce cikin hanji bai narke ba, ya yi tsami, ya yi iska. Daga nan sai murɗar ciki, ko kuwa ciwon kofato, wanda kan sa doki ya kasa taka ƙasa.

Ramamme kuwa hatsarinsa ya fi yawa. A wurin aikinmu, in aka kawo yaro mai tamowa ƙwarai, ba a cika masa ciki ranar farko. Tsinkakkiyar madara ta musamman ake ba shi, kaɗan-kaɗan, bayan kowane awa biyu ko uku. Dalili shi ne, jikin da ya daɗe da yunwa ya ƙarar da waɗansu irin gishiri da zuciya ke aiki da su. In abinci mai ƙarfi ya shiga farat ɗaya, sai ɗan abin da ya rage a jini ya gudu cikin tsoka, zuciya ta raunana. Haka yake ga doki. Yakan faɗi cikin kwana 3 zuwa 5 da fara ciyarwa, daidai lokacin da mai shi ke murna.

HARAWA CE MAGANI

A shekarar 1998 masana a Jami'ar Kalifoniya da ke garin Davis, a Amurka, suka buga sakamakon gwajin da suka yi a kan dawakin da yunwa ta kusa kashewa. Abin da ya fi yi musu amfani shi ne busasshiyar ciyawar alfalfa, ana ba su kaɗan-kaɗan. Ita alfalfa dangin wake da gyaɗa ce. Watau abin da ya fi kusa da ita a wurinmu shi ne harawa, ta wake ko ta gyaɗa, wadda kake da ita a kan itace ko bisa soro.

In dokinka ya rame har ƙasusuwan kwankwaso da na baya sun fito fili, ga yadda za ka bi da shi.

Kwana 3 na farko: rabin kilo na harawa bayan kowane awa huɗu, watau sau shida a yini da dare. Je wurin mai sikeli ka auna rabin kilo sau ɗaya, ka ga yawanta da idonka, daga nan ba ka bukatar sikeli.

Kwana na 4 zuwa na 10: riƙa ƙara yawan harawar a hankali kana rage yawan zubin, har ya zama kamar kilo ɗaya da rabi sau uku a rana.

Bayan kwana 10: bar shi ya ci harawa da ingirici iyakar cinsa. Hatsi kuwa tukuna. Jira sai ya yi makonni, ƙarfinsa ya fara komowa, kashinsa ya daidaita.

In ramar ba ta kai haka ba, haƙarƙari kawai ake gani, to, fara da ƙara masa harawa da ingirici. Ƙa'ida ita ce, doki yana bukatar busasshiyar ciyawa kashi 2 cikin 100 na nauyinsa kowace rana. Dokin da ya kamata ya kai kilo 300, kilo 6 ke nan. Kada ya kwana da komi wayam.

Zaɓi harawa mai ganye, mai sauran kore, mai ƙamshi. Wadda ruwa ya daka ta yi baƙi, ko ganyen ya zube sai kara, ba ta da amfani. Da kaka take araha, sai ka saya ka adana a inuwa tun kafin bazara ta tsananta.

HATSI, DA DUSA, DA MAI

Sa'ad da lokacin hatsi ya yi, fara da tafi biyu. Dawa da gero ƙanana ne masu tauri, sai a barza su ko a jiƙa. Abin da aka jiƙa a ba shi a ranar, kada ya kwana ya yi tsami. Bayan kowane kwana uku ka ƙara kaɗan. Kada zubi ɗaya ya wuce kilo guda ga matsakaicin doki. Gara zubi uku ƙanana da babba guda. Kullum harawa ta riga hatsi shiga ciki.

Dusar da uwargida ta samu wajen surfe tana da kyau, a yayyafa mata ruwa ko ƙasari sabo. Amma dusa ita kaɗai ba abinci ba ce. Dokin da ya daɗe a kan dusa zalla ƙashinsa yakan yi taushi, har fuskarsa ta kumbura. Harawa ce ke gyara wannan.

Man gyaɗa yana sa ƙiba ba tare da ya yi tsami a hanji ba, kuma ƙarfinsa ya ninka na hatsi fiye da sau biyu. Fara da cokali biyu a cikin dusa, ka riƙa ƙarawa har ya kai ƙaramin kofin shayi a rana cikin mako biyu. In kashinsa ya yi ruwa, sai ka rage.

Sa masa gishiri kamar cokali biyu a rana. Ruwa mai tsabta kuwa kada ya yanke a gabansa. Doki yakan sha lita 25 zuwa 45 a rana, da bazara ma fiye. Wanda ba ya samun ruwa ba ya cin busasshen abinci.

ABUBUWAN DA ZA KA KIYAYE

Kada ka ba shi hatsi ko ƙuli-ƙulin da ya yi fumfuna. A shekarar 1960 talotalo wajen 100,000 suka mutu a Ingila saboda garin gyaɗa mai fumfuna da aka kawo daga Barazil, daga nan aka gano dafin da ke ciki. Masara mai fumfuna kuma tana taɓa ƙwaƙwalwar doki ta kashe shi. Abin da ba ka yarda iyalinka su ci ba saboda ruɓa, kada ka zuba wa doki.

Kada ka ba shi abincin kajin gidan gona. Akan sa wani magani a cikin waɗansunsu wanda dafi ne ga doki.

Kada ka sake shi a kan gyauron dawa, ko a juji inda zai haɗiye leda. Kada kuma ka zuba masa abinci a kan rairayi, domin yashi yakan taru a hanjinsa. Sa masa a komi ko a rabin garwa.

Mutane sukan zo wurinmu neman ƙwayar sa ƙiba domin dabba. Kada ka yi. Irin su dexamethasone kumburi suke sawa, suna rage wa jiki ƙarfin yaƙi da cuta, kuma suna iya jawo wa doki ciwon kofato.

In ka ga ya ƙi ci, yana tonon ƙasa da ƙafa, yana waiwayen cikinsa, yana kwanciya yana tashi, kwashe abincin nan da nan, ka riƙa zagayawa da shi a hankali, ka aika a kira likitan dabbobi. Kada ka yi masa ɗura ta hanci, ruwan huhu zai tafi.

YADDA ZA KA SAN ANA CI GABA

A shekarar 1983 wani masani mai suna Don Henneke, a jihar Teksas ta Amurka, ya tsara ma'aunin jikin doki daga 1 zuwa 9. Na 1 ƙashi da fata, na 9 ƙiba ta yi yawa. Na 5 ake nema, watau ido ba ya ganin haƙarƙari amma hannu yana jin su in ka shafa. Kai ma kana iya wannan gwaji.

Sami igiya ka zagaya ƙirjinsa daidai inda majayi ke bi, ka ƙulla alama. Kowace Juma'a ka sāke aunawa. Idon da ke ganin doki kullum ba ya lura da canji, amma igiya tana lura. Kada ka ƙosa. Dokin da ya rame ƙwarai yakan yi wata 3 zuwa 5 kafin ya koma jikinsa. Cikin wannan lokaci kada a ɗora masa sirdi. A ja shi da ragama safe da yamma ya miƙe ƙafa, ya isa.

LAFIYAR GIDA

Barga tana cikin gida, saboda haka tsabtarta lafiyar 'ya'yanka ce. Share kashin kullum, ka kai shi nesa da rijiya da madafa, ka tara shi ya zama taki. Barinsa yana tara ƙudaje masu kawo zawo, yana kuma mai da ƙwan tsutsa cikin dokin. Ƙwayar ciwon sarƙe-haƙora tana zama a kashin doki da ƙasar barga. Yaron da ke shara ya sa takalmi. In ƙusa ta soke shi, a wanke wurin da sabulu a kawo shi ɗakin shan magani a ranar, kada a jira.

Sa'an nan ka yi lissafi tun da wuri. In ciyar da doki zai taɓa hatsin da ke rumbu domin yara, to, yara ne gaba. Sayar da shi ga mai iya riƙonsa ya fi ka bar shi yana ramewa a turke, domin haƙƙinsa yana wuyanka.

A watan Disamba na 2024 Hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun gado na duniya. Abin alfahari ne. Amma kwalliyar hawa ba ta ɓoye ramar doki. In kana so ka fita da shi ranar Salla, ƙirga wata biyar baya, ka fara tun daga nan: a duba haƙora da tsutsa, harawa kaɗan-kaɗan, ruwa da gishiri kullum, hatsi daga ƙarshe. Karanta wa maƙwabcinka wannan takarda in bai iya karatu ba. Allah ya ba mu lafiya, mu da dabbobinmu, amin.