Kafin Ki Yi wa Tsohon Bahon Wanka Sabon Fenti

Bahon wankan gidanmu ya girme ni. Ranar da tsatsarsa ta yanki diddigen Hajiya, hankalina ya tashi, domin tana da ciwon sukari, kuma a asibiti na sha ganin ƙaramin rauni ya ci ƙafa.

Muka wanke shi, muka goge da samfefa, ya bushe sarai, muka shafa fentin ifoksi sau biyu. Kwana uku ruwa bai taɓa shi ba.

'Yar'uwa, ki guji maganin kankare fenti mai sinadarin metilin kulorayid. Tururinsa ya fi iska nauyi, a cikin bahon yake taruwa, ya kashe masu gyara a Amurka. Ki buɗe taga, ki fitar da yara. Sabon fenti akwai santsi, sai ki shimfiɗa tabarmar roba.