Takardar Tallar Silima Ta Zama Dukiya

A da, in an gama nuna fim, akan yage takardar tallarsa daga ƙofar gidan silima a zubar. Shi ya sa 'yan kaɗan da suka tsira suka yi tsada ƙwarai. A 2005 an sayar da ta fim ɗin Metropolis na Jamus, na 1927, dala 690,000.

Masu tara su iri biyu suke nema: ta asali, kamar ta Superman ta 1978 wadda Bob Peak ya zana, da kuma wadda wani mai zane ya ƙago daga baya, irin waɗanda kamfanin Mondo na Amurka ke bugawa ƙalilan.

Sai dai jabu ta yi yawa. Mai saye kan duba alamar ninki, domin kafin shekarun 1980 yawanci a ninke ake aika su gidajen silima.