Jaririn Kontagora Mai Ciwon Zuciya: Indiya Ko Ikko?

Da yawa daga cikin mutanen Kontagora mazauna Ikko da Badun da Shagamu sun san irin wayar nan da akan bugo daga gida, a ce an sami ƙaruwa, amma jaririn ba ya kama nono sosai, numfashinsa sama-sama, in ya yi kuka sai leɓɓansa su yi shuɗi. Bayan ƴan makonni sai a sake bugowa, a ce likita ya ce zuciya ce, sai an fita waje. Daga nan sai a shiga karo-karo.

Ciwon ba baƙo ba ne. Likitoci sun ƙiyasta cewa cikin jarirai 1,000 wajen 8 ake haifa da tawaya a zuciya. Wani ɗan rami ne a bangon da ya raba sassan zuciyar, kuma in ƙarami ne yakan toshe da kansa yayin da yaro ke girma. Wani kuwa manyan hanyoyin jinin nan biyu ne suka yi musanyar wuri, watau jinin da ya ɗebo iska daga huhu ba ya isa jiki. Irin wannan ba ya jira, aikinsa a makonni biyu zuwa uku na farko aka fi so a yi shi. Ciwon sukari ga mai ciki, da baƙon dauron nan na rubela, da auren zumunci na kusa duk sukan ƙara haɗarin, amma sau da yawa ba a gane dalili ko kaɗan, saboda haka ɗora wa uwa laifi zalunci ne.

Abin da ya fi cin rai shi ne ɓata lokaci. Jaririn da ya ƙi nono akan kai shi wurin wanzami a cire masa beli, ko a ce iska ce, ko a yi ta ba shi maganin limoniya. Ga shi kuwa ƴar na'urar da ake maƙalawa a ƙafar jariri don auna iskar jini takan nuna alama cikin minti kaɗan. Tabbatarwa sai an ɗauki hoton zuciya wurin likitan zuciyar yara, kuma wannan kan sa iyaye su bar Kontagora su nufi asibitin koyarwa, ko Shika ta Zariya, ko Sakkwato, ko Ilori, ko Abuja.

To, me ya sa waje? Ba don ba a taɓa yin aikin a ƙasar nan ba. Tun 1974 aka buɗe zuciya a asibitin koyarwa na Inugu, inda Farfesa Fabian Udekwu da abokan aikinsa suka yi aiki tare da Magdi Yacoub, likitan nan ɗan asalin Masar. Amma aikin ya riƙa tafiya yana tsayawa saboda rashin kuɗi da kayan aiki, ga ƙwararru suna ta ƙaura. Zuciyar jariri kuwa ba ta wuce girman dunƙulen hannunsa ba, kuma bayan tiyata sai an sami ɗakin kulawa mai wutar da ba ta ɗaukewa da ma'aikatan jinya masu kwana a kansa.

Shi ya sa aka fi zuwa Indiya, garuruwa irin su Bangalo da Cennai da Delhi. Gidauniyar da Nwankwo Kanu ya kafa a 2000, bayan shi kansa an yi masa aikin zuciya a Amurka a 1996, ta kai yara da yawa waje. A Sudan ma wata ƙungiyar Italiya mai suna Emergency ta buɗe asibitin Salam kusa da Hartum a 2007 tana aiki kyauta, sai dai yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya sa hanyar ta yi wuya.

Tafiyar kanta aiki ce. Jariri sai da fasfo nasa na kansa, fasfo kuwa sai da takardar haihuwa, wadda iyaye da yawa ba sa karɓa sai buƙata ta taso. Sai wasiƙar gayyata daga asibitin can kafin a ba da biza, sai takardar likita mai nuna yaron zai jure jirgi, don iskar cikin jirgi ba ta kai ta ƙasa ba. Yawanci kuma sai an ya da zango a Adis Ababa ko Doha ko Dubai. Kuɗin asibiti da dala ake biya, kuma dalar da take wajen Naira 460 a farashin gwamnati a farkon 2023 ta haye Naira 1,500 a 2024. Wanda ya sayar da gona ko shanu bisa tsohon lissafi sai ya ga ko rabi bai haɗa ba.

A nan ne ƴan'uwa mazauna kudu ke da amfani fiye da tura kuɗi. Mai zama a Idi-Araba maƙwabcin asibitin koyarwa na Jami'ar Ikko ne. Akwai na Ikeja, da na Badun, da na Ile-Ife, da cibiyar Tristate da ke Ilishan a Jihar Ogun, duk an yi aikin buɗe zuciya a cikinsu. Kafin a biya dillali ko kwabo, ya kamata a karɓo rahoton hoton zuciyar a nuna wa likitan zuciyar yara a ɗaya daga cikinsu, a tambaye shi abu uku: wane iri ne, zai iya jira har yaushe, kuma ana yinsa a gida? In ya ce sai waje, a biya kuɗin kai tsaye ga asibitin, a kuma ware na abinci da masauki na makonni, da na komawa ganin likita bayan an dawo, domin wasu yaran sai an sake yi musu aiki in sun girma.